Na Ce Kunya Ce, Ashe Ciwo Ne

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu, wanda yake jin kukan mutum ko da bakinsa a rufe yake. Ku amsa da ƙarfi ko ku amsa ciki-ciki, duk ɗaya ne a wurina, domin na san kafin in sauka daga nan waɗansunku za su so da ba a ba ni dama ba.

Saboda baƙin da ke cikinmu, sunana Dauda. A nan Zandam aka haife ni, a nan na tsufa. Manomi ne ni. Karatuna bai wuce firamare ba, sai ɗan abin da na ƙara a ajin Littafi Mai Tsarki. Ina kan kujerar dattawan wannan ikilisiya tun muna sujada a rumfar kara. Ba shaidar amfanin gona na kawo muku yau ba. Na zo in faɗi yadda na kusa tura surukata kabari da bakina, da yadda Ubangiji ya ƙwace ta daga hannuna. Na nemi izininta kafin in tsaya. Ta ce, "Baba, faɗi duka, kada ka rage komai." To, ba zan rage ba. Da nawa, da naku.

Saratu matar ɗana Bulus ce. Mahaifinta malamin makaranta ne daga kudancin Kaduna, aiki ya kawo shi Birnin Kudu. Waɗanda suka san ta lokacin da ta shigo gidana za su tuna. Tun daga zaure kake jin dariyarta. Ita ke buga tulu a Zumuntar Mata, in ta ɗaga waƙa har masu wucewa a hanya sai sun rage tafiya. Mijinta kuwa gatsal take kiran sunansa, ko ina zaune. Wannan abu ya tsaya mini a rai. Nakan ce wa matata Talatu, "Yarinyar nan ba ta da mugun hali, amma ranar da aka raba kunya ba ta gari."

Sai Allah ya ba su ɗa namiji, lokacin cirar gyaɗa. Muka sa masa suna Nuhu.

Ku da kuka zo daga wasu garuruwa, bari in gaya muku wata al'ada tamu. A nan uwa takan yi kunyar ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban surukai, in ana maganarsa sai ta kau da kai kamar ba ita ta haife shi ba. Mun shigo bangaskiya da wannan al'ada, ba mu bar ta a ƙofa ba. Ga Talatu can zaune, har yau ba ta taɓa cewa "Bulus" ba, sai dai "yaron nan", ga shi har ya fara furfura.

To, da Saratu ta haihu, sai ta juya fuska ga bango. Jariri ya yi ta kuka, ba ta ɗaga kai. Sai Talatu ta ɗora mata shi a ƙirji sannan ya sha, ita kuwa idonta na kan rufin ɗaki. Mata masu zuwa barka suka riƙa fitowa suna dariya, suna cewa, "Baba Dauda, ashe 'yar kudu ta koyi kunyar ɗan fari! Ta ma fi mu iyawa." Ni kuma kaina ya kumbura. Na ce a raina, a ƙarshe dai gidana ya gyara ta. Har a zaman dattawa na yi alfahari da ita.

Kun ji wauta? Yarinya tana nutsewa a gabana, ni ina tafa mata!

Mutum ɗaya ne ya gane, ita ce Talatu. Wata rana da hantsi, bayan ta gama yi wa mai jego wanka, ta same ni a ƙofar gida ina gyaran ƙotar fartanya.

Ta ce, "Malam, abin nan na Saratu ba kunya ba ne."

Na ce, "To mene ne, likita?"

Ta ce, "Ni na yi kunyar ɗan fari, na san ta. A gaban mutane nake kau da kai. Da an fita an bar ni da shi, har tafin ƙafarsa nake shinshinawa. Ita wannan na leƙa ta taga, daga ita sai shi a ɗaki, ko kallonsa ba ta yi. Hawaye kawai ke bin kuncinta. Kunun kanwar da na dama mata ga shi can ya huce, ƙuda na bi. Kuma a gidansu ana wannan kunyar ne? Uwarta da ta zo suna, ba a gabanka take ƙwala wa ɗan farinta kira ba?"

Na ce, "Ke dai ba a taɓa yabon wata a gabanki kin ji daɗi ba. Tun yaushe nake neman yarinyar nan ta natsu, yanzu ta natsu kin ce ciwo. Tafi ki nemi aikin yi."

Ta dube ni, ta ce, "Allah ya sa ni ce na yi ƙarya." Ta shige gida. Har yanzu irin kallon take yi mini daga can, kuma ta yi daidai.

Ranar da aka kawo Nuhu majami'a domin miƙa shi ga Ubangiji, da yawanku kuna nan. Faston wancan lokaci ya yi addu'a, ya miƙa wa uwar yaro ɗanta. Ta mai da hannuwanta baya. Me kuka yi? Kun kwashe da dariya, wata ma ta rangaɗa guɗa. Ni ma na yi dariya. Bulus ne kaɗai bai yi ba. Ya karɓi ɗansa, kansa a ƙasa.

Aka gama wanka, aka yi arba'in, Saratu ba ta tashi ba. Macen da ba ta iya zama wuri ɗaya ta koma ko tsakar gida ba ta fitowa. Kitso ya tsufa a kanta, bai dame ta ba. Zane ɗaya a jikinta, sai an matsa mata take canjawa. Ta rame har zoben aurenta yana zamewa. Tulunta na Zumunta yana lungu, gizo-gizo ya yi saƙa a bakinsa. Wannan Lahadi ta wuce, waccan ta wuce, ba ta a sujada. Nan yabona ya fara tsami. Na ce kunya ta zama lalaci.

Matan Zumunta suka je yi mata addu'a. Suna cikin waƙa ta ce musu, "Ku daina ɓata muryarku a kaina. Allah ya riga ya juya mini baya. Ni ba uwar kirki ba ce. Da wata ce ta haifi yaron nan da ya fi masa."

Kafin rana ta faɗi maganar ta zaga gari. Shin kun ce, "Wayyo, me ya sami 'yar'uwarmu?" A'a! Kun ce ta yi saɓo. Waɗansu suka ce akwai zunubin da take ɓoyewa, shi ke cin ta, har aka fara duban fuskar jariri ana neman kamannin wani. Da kunnena na ji. Waɗansu suka ce aljanin gidansu ne ya biyo ta daga kudu. Masu faɗin haka suna nan zaune, da Littafi a kan cinya.

Ni kuwa ba Saratu ce ta dame ni ba, sunana ne. Na sa 'ya'yan mutane da yawa a horo, na ce kada a ce Dauda yana rufa wa gidansa asiri. Da kaina na kai maganar gaban dattawa. Fasto ya ce a yi haƙuri a ƙara dubawa. Na buga sanda a ƙasa, na ce in ba a hore ta ba ni zan sauka. Aka bi ni. Kun san abin da horo yake nufi a wurinmu: bencin baya kusa da ƙofa, ba Jibin Ubangiji, ba zanen Zumunta, ba waƙa.

Da Bulus ya ji, ya same ni a gona ina tara karan dawa.

Ya ce, "Baba, matata ba ta barci, ba ta cin abinci. Kullum sai ta ce in yafe mata. In na ce laifin me, ta ce ba ta sani ba. Ita ce za ka kai bencin baya?"

Na ce, "In tana aiki za ta yi barci. Kai ka lalata ta da lallashi."

"Ciwo take yi, Baba!"

"Ina ciwon? Jikinta da zafi? Nuna mini ƙurjin."

Ya ce, "Dattijon ikilisiya na zo na tarar. Da na san ubana ba ya gonar nan, da ban zo ba."

Ya hau babur ya tafi. Na ɗaga murya na bi shi da cewa ba zai gama lafiya ba. Ɗana na fari na yi wa wannan baki!

Ranar Lahadi muka tilasta mata ta zo. Ni na yi sanarwar, daga nan inda nake tsaye. Ranar Jibi ce kuma, ni nake zagayawa da farantin gurasar Jibi. Da na iso bencin baya sai na ɗaga farantin sama na wuce ta. Na ɗauka za ta fashe da kuka ta tuba. Ba ta yi ba. Ta ɗago ta dube ni, ta gyaɗa kai a hankali, kamar mai cewa, da ma na sani.

'Yan'uwa, ciwon yana ta gaya mata cewa Allah ya yar da ita. Ni kuma na zo da farantin Ubangiji a hannuna na tabbatar mata.

A cikin makon, ranar kasuwa, sai ga Saratu ta tashi da safe ta share tsakar gida. Ta yi wa Nuhu wanka da hannunta, abin da ba ta taɓa yi ba, ta sa masa kayan da aka miƙa shi da su. Ta naɗe zanen Zumunta ta ba Talatu, ta ce a ba wadda ba ta da shi. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Baba, ka yafe mini duk wahalar da na ba ku." Fuskarta a sake. Na juya na ce wa Talatu, "Kin gani? Horo ya yi aiki." Na ɗauki hulata na tafi kasuwa ina fito.

Ashe sallama take yi mana.

Rana ta yi tsaka sai ga maƙwabcinmu Alhaji Sani direba ya same ni a layin masu hatsi. Ko gaisuwa bai yi ba, ya ce in biyo shi. A hanya ya gaya mini. Matarsa Hajiya Rabi ta je lambunsu tsinkar yakuwa, ta tarar da Saratu zaune a bakin rijiya, takalmanta a jere a gefe. Hajiya ta rungume ta ta baya, ta riƙe ta gam tana ihu har masu ban-ruwa suka iso.

Na tarar da su a ƙofar gidana. Hajiya Rabi, wadda ba ta taɓa ɗaga ido ta dube ni ba, ranar ta tsaya a gabana.

Ta ce, "Malam Dauda, ku da kuke ta waƙa kullum, babu mai ido a cikinku? Tun yaushe nake hangen yarinyar nan ta katanga tana bushewa! Ƙanwata a Kano haka ta yi bayan haihuwa, asibiti aka kai ta. Yanzu ga ta nan da 'ya'yanta, har kasuwancinta take yi."

Na buɗe baki zan ce wannan al'amarin ikilisiya ne. Alhaji ya ce, "Malam, ajiye wa'azin sai mun dawo. Ku shiga mota."

A asibiti a Birnin Kudu aka kai mu wurin wata likita, yarinya ce, ba ta kai Bulus shekaru ba. Ta daɗe da Saratu su biyu, sannan ta kira ni da Bulus da Talatu. Ta fara tambaya. Tana barci? Tana cin abinci? Abin da take so a da, har yanzu yana ba ta sha'awa? Tana kuka ba dalili? Tana cewa ita ba ta da amfani? Ta taɓa maganar mutuwa, ko ta raba kayanta? Tun yaushe?

Talatu ke amsawa, kowace amsa kuma kamar an ƙara mini dutse a ƙirji.

Likita ta ce, "Duk wannan a gida ɗaya, wata da watanni, ba wanda ya kawo ta?"

Talatu ta nuna ni da baki.

Na ce, "Mun ɗauka kunyar ɗan fari ce."

"Daga baya fa?"

"Sai muka sa ta a horo."

Ta ajiye biro, ta ce, "Baba, da ƙafarta ce ta karye, horo za ka sa ta don ba ta zo sujada ba?"



Ta ce sunan abin ciwon damuwa. Yakan kama mace bayan haihuwa, yakan kuma kama wadda ba ta haihu ba, yakan kama namiji. Ba ya tambayar addininka. Ta ce mai jego takan yi 'yan kwanaki tana hawaye, ya wuce da kansa, wannan ba abin tsoro ba ne. Amma in mako ya bi mako mutum bai dawo yadda aka san shi ba, to ciwo ne, kuma yana da magani. Sai ta ƙara da maganar da har yau take tashe ni tsaye: "Ranar da kuka ga ta tashi ta yi shara tana neman gafara, tana raba kayanta, ranar ce ta fi kowace haɗari."

Ranar da na tafi kasuwa ina fito!

Na fita waje, na nufi gindin wata darbejiya. Alhaji Sani ya shimfiɗa darduma can gefe yana sallar la'asar. Na durƙusa a ƙasa. Ni da nake jan addu'a har ƙafafunku su yi tsami, ranar ko kalma ɗaya ta ƙi fitowa. Na daɗe a haka. Da bakina ya buɗe, abin da na iya cewa ke nan: "Ya Yesu, ni ne makaho. Ka ba ni mai rauni in kula da ita, na ɗauki sanda na bi ta. Kada ka ɗora wa yarinyar nan laifina. Ka bar mini ita da rai, in sami wadda zan roƙa gafara."

Na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar mahaifiyata. Ban ga haske ba, ban ji murya daga sama ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma taurin nan da na ɗauka shi ne tsoron Allah, na ji ya tsage. Na tashi na shiga ɗakin da aka kwantar da ita, na durƙusa a gaban gadon surukata, da tsufana, a gaban masu jinya. Na ce, "Saratu, Allah bai juya miki baya ba. Ni ne na tsaya tsakaninku na tare ki."

Ba ranar ta warke ba.

An riƙe ta a asibiti na ɗan lokaci, sannan aka sallame ta da magani, aka ce ta riƙa komawa. An gaya mana maganin ba ya aiki rana ɗaya, kuma kada a daina shi don an ga sauƙi sai likita ta ce. Ni na riƙa raka ta. A kan bencin jiran likita na yi karatun da ban yi a makaranta ba.

Na zauna kusa da wani ɗan kasuwa daga Maruta, ƙato, lafiyayye a ido. Ya ce haka kawai zuciyarsa takan hau bugawa, gumi ya karyo, numfashi ya ƙi shiga, ya tabbata mutuwa ce ta zo. An auna shi, ba a ga komai a zuciyar ba. Ciwon fargaba ne. Yana magana, na tuna wata 'yar'uwa da takan fice daga majami'ar nan ana tsakiyar wa'azi, dafe da ƙirji. Ni na ce aljanin da ke jikinta ne ba ya iya jin Maganar Allah. Ta bar garin nan da wannan suna a kanta. Ban san inda zan same ta ba.

Na ga wata uwa da ɗanta saurayi. Ta ce wani lokaci yakan yi kwanaki ba barci ba gajiya, magana kamar an kunna rediyo, ya rabar da kayan sana'arsa, ya ce zai sayi gari. Bayan haka ya faɗi warwas, ko gaisuwa ba ya amsawa. Na ga wani da yake jin muryoyin da ba wanda ke ji, yana zargin an sa masa guba a tuwo. Na ga wani direba da ya tsira daga haɗarin mota, jikinsa ya warke, amma in an buga ƙofa da ƙarfi sai ya zabura yana rawar jiki, kuma ba ya iya bin hanyar da abin ya faru. Akwai yaran da ƙwaya ta kama, waɗansunsu damuwar ce ta fara kai su ga ƙwayar. Duk waɗannan da a gabana aka kawo su, ɗaya cikin suna biyu zan ba su: ko masu zunubi, ko masu aljanu.

Ni ba likita ba ne. Amma wannan kam na koya: in mutumin da ka sani ya canja, barcinsa ya canja, cinsa ya canja, ya bar abin da yake so, ya bar wanka, ya guji mutane, kuma abin ya ƙi wucewa, kada ka tsaya neman laifinsa. In ya fara cewa gara ba ya duniya, kada ka bar shi shi kaɗai, kada ka jira Lahadi. Ka yi addu'a, amma kana cikin mota kuna tafiya asibiti.

Na koma gaban dattawa na ce a ɗage horon. Wani ya ce, "Sai ta fito gaba ta nemi gafara tukuna." Na ce, "Kai da zazzaɓi ya kwantar da kai bara, ka fito gaba ka nemi gafara?" Aka ɗage, ana gunaguni.

Amma ku fa? Da ta dawo sujada, wata ta janye ɗanta daga kusa da ita. Ranar bikin godiyar kaka, tuwon da ta tuƙa shi kaɗai ya rage a kwano. An kira jikana ɗan mahaukaciya a bakin famfo, kuma yara ba su ƙirƙiri wannan suna ba, a gida suka ji. Hajiya Rabi kuwa, wadda ba ta taɓa taka ƙofar majami'ar nan ba, kullum sai ta aiko da fura, ta shigo ta zauna tana yi mata tsifa tana ba ta dariya. Ku ji kunya! Ni na ji tawa.

Duk da haka Ubangiji bai bar ta ba. A hankali ta fara cin abinci. Ta fara barci. Wata rana na ji ana ɗan buga tulu a ɗaki, ƙasa-ƙasa. Sannan wata rana da yamma ina zaune a tsakar gida, Nuhu ya fara rarrafe, ya nufi murhu. Sai na ji murya ta tsaga gidan: "Nuhu! Nuhu, zo nan, ɗan nema!" Ta sure shi, ta rungume, tana sumbatar kansa, a gabana, a gaban Talatu. Sunan ɗan farinta, gatsal, a gaban surukinta.

Ban taɓa jin rashin kunya mai daɗi irin wannan ba. Halleluya!

Bulus ya yafe mini bakin da na yi masa, ko da yake ya daɗe kafin ya sake cin tuwo kwano ɗaya da ni. Saratu tana nan, ga ta can da tulunta. Har yanzu takan je ganin likita, ba ta kuma ɓoyewa.

Yanzu ku ji dalilin da ya sa na nemi magana yau, ba wata rana ba.

A zaman dattawa da ya wuce an yanke shawara, bayan an karɓi baikon sadaka yau za a yi sanarwar sa wani saurayi a horo. Na ƙi, aka fi ni yawa. Ba zan faɗi sunansa ba, ko da yake na ga kawunanku sun riga sun juya baya, inda aka kawo shi aka zaunar yau. Laifinsa, wai ya bar ƙungiyar mawaƙa, ya bar zuwa sujada, shagonsa a rufe, an gaishe shi bai amsa ba, ya kuma ce wa uwarsa addu'a ba ta da amfani a kansa. An ce girman kai ne. 'Yan'uwana dattawa, wa a cikinku ya tambaye shi ko yana barci? Wa ya tambayi uwarsa abin da yake ci? Ni na je na tambaya. Amsoshin da Talatu ta ba likita, su na sake ji. Ya yarda gobe da safe mu tafi Birnin Kudu tare, Alhaji Sani zai kai mu.

In na yi kuskure, likita za ta faɗa, ba abin da muka rasa. In ku ne kuka yi kuskure, wa ya gaya muku wannan karon ma akwai mai tsinkar yakuwa a kusa?

Na gode wa Allah da ya bar mini Saratu da rai. Na gode masa da ya sa a hannun maƙwabta da likita abin da ya ƙi samuwa a hannuna. Na gode masa da bai bar ni na mutu da makantata ba. Kai da kake zaune nan zuciyarka ta yi nauyi, kana jin Allah ya manta da kai, ciwon ne ke faɗa maka haka, ba Allah ba. Ka dogara ga Yesu, ka buɗe baki ka gaya wa wani, ka je a duba ka. Wanda ya ɗaga surukata zai ɗaga ka.

Fasto, na gama. Amma ba zan koma kujerar dattawa ba. Zan je bencin baya in zauna kusa da yaron nan. In kun yi sanarwar, ku yi ta a kanmu mu biyu. In kuma farantin Jibi ya iso can, duk wanda ke riƙe da shi ya dubi idona kafin ya ɗaga shi sama.

Ɗaukaka ta tabbata ga sunan Yesu. Amin.